Farautar kanyar Japan a tsaunukan Wakayama

Shekarata ta farko a Osaka, karin maganar nan ta "kanya ta nuna biri ya karye" a kaina ta ƙare. Ƙarshen Oktoba na zame da keke a kan jiƙaƙƙen ganye, idon sawuna ya gurɗe, na yi makonni ina ɗingishi da sanda. Daidai lokacin ne kantunan unguwarmu suka cika da wani ɗan itace ruwan goro, mai siffar tumatir amma da tauri kamar tuffa. Sunansa kaki. Sunan bai yi wa kunnen Bahaushe daɗi ba, don in ba kakin soja ya faɗo maka a rai ba, to na maƙogwaro ne zai faɗo.

Maiɗakina ce ta fara gane ta. Ta yanka ɗaya, ta tauna, ta juya 'yar hular ganyen da ke kanta, ta ciro ƙwallon ta duba, sannan ta ce, "Malam, wannan ai kanya ce ta samu wuri ta ƙoshi." Na yi mata dariya. Da na bincika sai dariyar ta dawo kaina. Masana tsirrai suna kiran kanyarmu Diospyros mespiliformis, ta Japan kuma Diospyros kaki. Gida ɗaya suka fito.

Ni kuwa a gindin kanya na girma. Akwai wata a bayan ƙauyenmu, kusa da rafi, ta fito a jikin wani tsohon suri. Ba wanda ya shuka ta, ba wanda ya taɓa cewa tasa ce. Sanyi na shigowa mu ke nan da jifa da sanda, mu cika aljihu, mu dawo gida da baki ya ɗaure saboda haɗamar cin ɗanya. Don haka da na ji akwai lambunan da ake biyan kuɗi a shiga a tsinki kaki da hannu, sai na ƙudurta cewa baɗi, in da rai da ƙafa, sai na je.

Neman lambun ya fi tsinkar wahala. Na yi ta nema da Turanci a intanet, ba abin da ke fitowa sai lambunan inabi da na sitiroberi da aka tanada don 'yan yawon buɗe ido. Wani abokin karatuna Bajapane ne ya ga ina fama, ya karɓi wayata ya rubuta kalma ɗaya da rubutunsu: kakigari. Ma'anarta farautar kaki. Haka suke cewa, farauta, kamar 'ya'yan itacen za su gudu. Da wannan kalmar sai taswirar Google ta cika da ɗigo-ɗigo, yawancinsu a kudu da Osaka, a kwarin kogin Kinokawa. Ba mamaki, jihar Wakayama ce ta fi kowace jiha noman kaki a Japan, Nara maƙwabciyarta na biye, kuma garuruwan da suka yi suna, irin su Katsuragi da Kudoyama da Hashimoto, da Gojo a ɓangaren Nara, duk a jere suke a bakin kogin nan guda.

Sai dai ganin ɗigo a taswira daban, samun mai lambu daban. Yawancinsu tsofaffi ne, waya kawai suke amsawa, ita ma sai an dace. Na farko da na kira, wata tsohuwa ta ba ni haƙuri har sau uku, ta ce maigidan ƙarfinsa ya ƙare, sun daina karɓar baƙi. Na biyu ya ce nasa irin na wuri ne, an gama girbe shi. A nan na fahimci kaki ba lokaci ɗaya take nuna ba. Akwai irin da ake kira Tonewase da ke fara fita tun Satumba, Hiratanenashi ta biyo baya a Oktoba, sai Fuyu, wadda ita ce sarauniyar masu zaƙi, a Nuwamba. Na uku ya ɗauka, ya saurari gurguwar Japananci na har ƙarshe, ya tambayi mu nawa ne, ya ce mu zo Asabar ta biyu a Nuwamba in ba a tashi da ruwa ba, mu zo da tsabar kuɗi, kuma mu sa takalmin da ba ya santsi. Wannan maganar takalmin ban ɗauke ta da muhimmanci ba.

Mun fita bayan asuba, ni da maiɗakina da 'yarmu mai shekara biyar. Daga tashar Namba muka hau jirgin ƙasa na layin Nankai Koya, wanda ke kai masu ziyara dutsen Koya. Cikin awa guda da 'yan mintuna gine-gine suka ƙare, muka ƙetare Kinokawa, muka sauka Kudoyama. Tun daga tagar jirgi ka san ka zo. Duk gangaren da ido ya kai itatuwa ne gajeru, ganyensu ya fara ja yana zuba, 'ya'yan sun rage a rataye kamar an kunna ƙananan fitilu. Mai lambun ya zo ɗaukarmu a 'yar motar nan tasu ta manoma, fara, mai buɗaɗɗen baya, matarsa na biye a wata don mu samu wurin zama. Dattijo ne gajere, fuska duk rana ta gasa ta, da tawul ɗaure a wuya. Na ji wasu baƙi na ce masa otosan, wato baba, matarsa kuma okasan, wato mama, sai na ce ashe a nan ma haka ake yi, na bi sahu.

Lambun a jikin tudu yake, tudun da a wajenmu ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau. Akwai wani siririn layin dogo guda ɗaya da ya miƙe daga ƙasa har sama, da ɗan inji mai jan akwatuna a kai, da shi suke sauko da kaya. An kewaye wurin da waya mai lantarki saboda aladun daji da birai. Baba ya ba kowannenmu kwando da wani ɗan almakashi mai lanƙwasasshen baki, ya ce mu tsaya ya nuna mana.

Ban tsaya ba. Ina ganin wata jajir a saitin fuskata na kai hannu na murɗe na fizgo, yadda na saba. Ta taho, amma hular ta zauna a reshe, ta bar rami a kan 'yar itacen, ruwa na tsatsowa. Baba ya karɓa ya duba, bai yi faɗa ba, ya ce, "Wannan sai dai ka ci yanzu, ba za ta kai gida ba." Ya ce ta wajen hular nan, da suke kira heta, kaki take numfashi kuma ta nan ruwanta ke fita. In ta cire, ko ta bushe, nan da nan 'yar itacen za ta yi laushi ta lalace.

Sannan ya nuna yadda ake yi. Ka tallabo ta da hannun hagu daga ƙasa, kada ka matsa. Ka yanke ɗan karan da ke riƙe da ita, ka bar shi da ɗan tsawo. In ta zo hannunka sai ka sake yanka na biyu, ka datse karan dab da hular har ya zama ba abin da ya ɗago. Yanka biyu ga kowace ɗaya. Na tambaye shi dalilin wahalar, sai ya ɗauki wadda aka yanka sau ɗaya ya goga ta a jikin wata, nan take ta ja mata layi. Ɗan tsinken nan shi ke huda 'yan'uwanta a kwando, kuma duk inda ya huda nan za ta fara baƙi. A kwando ma ba jefawa ake yi ba, kifawa ake yi, hula a ƙasa.

Wajen zaɓe kuma okasan ce malama. Ta kama hannun 'yata suna bi itace-itace. Ta ce a nemi wadda launinta ya kai har ƙarƙashin hula ba sauran kore, wadda hular ta manne mata ba rata, don ta ratar nan ruwa da ƙwari ke shiga. A ɗaga a ji nauyi. Farin garin da ke jikin ɓawon kuma, wanda na ɗauka ƙura ce ko maganin feshi har ina gogewa da riga, ashe ita kanta 'yar itacen ke fitar da shi, kuma alamar ba a jagwalgwala ta ba ce. Na gefen waje, waɗanda rana ke duka, sun fi na cikin duhuwa zaƙi. Cikin minti goma yarinyar ta fi ni iyawa, tana nuna wadda na tsinko tana cewa, "Abba, wannan hularta ta buɗe."

Abin da ya fi ɗaure min kai girman 'ya'yan. Guda ɗaya ta cika tafin hannu, alhali kanyarmu sai ka watsa uku a baki. Na ɗauka duk halitta ce. Baba ya ce rabi halitta, rabi aikin hannu. Tun cikin Afrilu da Mayu, kafin fure ya buɗe, suke bin reshe-reshe suna cire tohon furen da yatsa, su bar ɗaya a inda itacen ya fitar da huɗu ko biyar. Da rani ya shigo su sake zagayowa su rage ƙananan 'ya'yan. Da sanyi kuma a yi aski, a hana itacen tsawo. Na dubi tudun nan, na dubi yawan itatuwan, na dubi mutum biyun da shekarunsu in an haɗa sun haura ɗari da arba'in. 'Ya'yansu suna birni, sai lokacin girbi suke leƙowa.

Can sai na hango wasu manya a ƙololuwar wani itace. Tsani yana hannun wasu baƙi, ni kuma ɗan ƙauye ne, na cire jaka na ɗora ƙafa a marabar reshe. A nan ne kawai na ji muryar Baba ta tashi. Ya taho da sauri yana kaɗa hannu, ya ɗauki wani busasshen reshe mai kaurin hannun yaro ya karya shi a gwiwa, ƙas, kamar karan dawa. Itacen kaki ba ya lanƙwasa ya yi maka kashedi, tsinkewa yake yi gaba ɗaya. Ya ce tun suna yara ake hana su hawa. Maiɗakina ta ce a hankali, da Hausa, "Malam, bara biri ya karye kafin ya zo, bana kuma so yake ya karye a gindinta." Na sauko. Daga baya na karanta cewa ita Tonewase ɗin ma daga karaya ta samo asali: guguwar Isewan ta 1959 ta kakkarya itatuwa a Tenri ta jihar Nara, wani manomi ya yi musu aure, wato ya dasa musu rassan wani itacen a jikinsu, don ya ceto su, sai wani reshe ya riƙa nuna da wuri fiye da sauran. A 1980 aka yi wa irin rajista.

Takalmin ma ya yi halinsa. Ina saukowa da kwando rabi na taka ruɓaɓɓiyar kaki a cikin ganye, na zauna daɓas. Kwandon dai ban sake shi ba.

Kuɗin shiga ya haɗa da ci iya cikinka a cikin lambu, abin da za ka tafi da shi ne ake aunawa. Na zo da niyyar in rama kuɗina. Okasan ta ba mu wuƙa da bokitin zuba ɓawo, muka zauna a kan akwatuna. Fuyu da aka tsinka yanzu tana da ƙaras-ƙaras, zaƙinta ba tsami ko kaɗan, a ƙarshen harshe kuma akwai wani ɗanɗano da ya mayar da ni bakin rafinmu. Uku na ci na ɗaga hannu. Tsohuwar ta kawo shayi mai zafi, ta ce kaki tana sanyaya jiki, kada a bar yarinya ta ci da yawa. Maiɗakina ta kalle ni, don maganar sanyi irin wannan ko a bakin Inna sai haka. Da azahar ta yi na tambayi wurin da zan yi salla, Baba ya share min wani ɗan fili kusa da rumfar awo, ya shimfiɗa leda mai shuɗi, ya ja baƙinsa gefe ba tare da ya tambaye ni komai ba.

Kuskurena na ƙarshe shi ya fi ba su dariya. A can bakin shinge akwai wani itace shi kaɗai, dogo, 'ya'yansa masu tsini a ƙasa kamar ƙoƙon zuciya, sun fi na ko'ina ja, kuma ba wanda ya taɓa su. Na ce a raina waɗannan baƙi ba su da ido. Na yanko ɗaya, yanka biyu yadda aka koya min, na goge na gatsa. Daƙiƙa biyu na farko zaƙi. Daga nan bakina ya kama, harshe ya manne da ganɗa, leɓe ya ƙi rabuwa da haƙori, yawu ya ɗauke ƙaf. Baurin ɗanyar kanya ne sak, amma an ninka. Baba ya dafa gwiwa yana dariya har da hawaye, yana cewa shibugaki, shibugaki.

Kaki kashi biyu ce. Akwai amagaki mai zaƙi, irin su Fuyu da Jiro, da ake ci da taurinsu daga itace. Akwai shibugaki mai bauri, wadda ko ta yi ja ba ta ciwuwa. Abin da ke kawo baurin sinadarin tanin ne, shi ne dai wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita, don haka ba laifi in ce bakina aka jeme. A mai zaƙi tanin ɗin yana daskarewa tun tana kan itace, ba ya narkewa a yawu. Mai bauri kuwa sai an yi mata dabara. Har waɗancan Hiratanenashi da Tonewase marasa ƙwallo da muke saye a kanti muna santi, asalinsu masu bauri ne, rufe su ake yi a ɗaki a cika shi da iskar kabon har baurin ya kwanta. A gida kuma wasu suna shafa wa hular barasar shochu su ƙulle a leda na kwanaki. Baba ya fara kwatanta min wannan, ya tuna ledar da ya shimfiɗa min ɗazu, sai ya katse kansa ya ce akwai hanyar da ta fi: shanya.

Nan ya canja min dokar yanka. Wadda za a shanya ba a datse mata kara, da ɗan guntun reshe ake yanko ta, ya zama kamar ƙaramar ƙota a kanta, don a samu wurin ɗaura igiya. Ya ɗauko doguwar sanda mai almakashi a baki muka sauko da ashirin. Ya ce in da lokaci mu leƙa Shigo a Katsuragi, inda ake tsire kaki goma-goma a sanda a rataye su jere-jere a gaban gidaje don adon sabuwar shekara. Rana ta yi sanyi, yarinya ta fara gyangyaɗi, ba mu je ba.

A wajen awo okasan ta ƙara mana huɗu masu ɗan tabo, ta ce gyara ce. Na tambayi Baba ko zan iya shuka ƙwallon Fuyu. Ya ce zai tsiro, amma da wuya ya haifi irin uwarsa, galibi mai bauri yake bayarwa, shi ya sa duk itatuwansa aure aka yi musu. Fuyu ɗin kanta daga jihar Gifu aka yaɗo ta reshe-reshe, tun da aka raɗa mata suna a 1898. Ya ƙara da karin maganarsu, cewa wasu itatuwan shekara uku suke yi su haihu, kaki kuwa sai takwas. Ya dubi furfurar da ta fara fito min a gemu, ya yi murmushi.

A gida muka raba aiki. Masu zaƙin maiɗakina ta jiƙa 'yar takarda ta ɗora wa kowace a hula, ta sa a leda ta kife su a firji kamar yadda aka gaya mata, kuma sun kai mu mako uku da taurinsu. Biyun da muka manta a kan tebur cikin kwanaki suka zama kamar zuma, da cokali muka sha. Masu baurin kuma daren nan na zauna na fere su duka, na ɗaure biyu-biyu a bakin igiya, na tsoma kowace a tafasasshen ruwa na ƙirga goma don kashe funfuna, na rataye a sandar shanyar kaya a baranda yadda ba wadda ke taɓa 'yar'uwarta.

Osaka ba tsauni ba ce. A mako na farko aka yi kwana biyu ana yayyafi da ɗumi, na duba na ga huɗu sun yi koren gashi, na zubar. Hankaka ya zo ya ɗauki rabonsa, biyu, kafin in sayo raga. Sauran sha huɗun suka yi fata, suka yanƙwane, suka koma ruwan ƙasa. Daga nan kowane kwana biyu ko uku sai in wanke hannu in bi su ɗaya-ɗaya ina murzawa a hankali, kamar mai tausa, don cikin ya saki. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da shekara guda gaisuwa kawai ke haɗa mu, ta leƙo ta kan shingen baranda ta ga abin da nake yi, ta tsaya ta yi min bayani mai tsawo da rabinsa kawai na gane, sai dai na fahimci a garinsu ma haka uwarta ke yi. Wajen ƙarshen Disamba wani farin gari ya fara fito musu. Na tsorata na ɗauka funfuna ce ta dawo, na kai mata ɗaya. Ta lakata ta lasa ta ce sukari ne. Baurin nan da ya jeme min baki babu shi ko alama, abin ya koma kamar dabino mai laushi, har ya ɗara.

Na aika wa Inna hotunan ta WhatsApp, na lambun da na barandar. Saƙon muryarta ya zo da dare: "Yanzu kai ɗan nan, kanya ce ka hau jirgi ka je ka biya kuɗi don a bar ka ka tsinka? Allah ya kyauta." Bayan kwana biyu ta sa ƙanena ya ɗauko hoton wata yarinya mai talla a ƙofar gida, da kanya tsibi-tsibi a faranti. Na nuna wa 'yata, wadda ba ta taɓa ganin kanya ba. Ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta daɗe tana duba 'yan hulunan, sannan ta ce, "Abba, waɗannan ba su rage musu fure ba."